Ni na biya kuɗin gidan Gwaggo, Yaya Sagiru ake shi wa albarka

Hajiya Rahmatu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin baƙin ciki ya sa in aikata abin da-na-sani. Daga Doha nake rubuto miki, a cikin motar kafil ɗina, wato maigidan da nake wa aiki, ina jiran 'ya'yansa su fito daga makaranta. Direba ne ni a wani gida a Nu'aija, shekara ta shida ke nan. Ki yi haƙuri in maganar ta yi tsawo, ba ni da wanda zan gaya wa.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata ina ɗan ƙarami. Tana zaune a ɗaya daga cikin gidajen gwamnati na garinmu, ɗaki biyu da falo, wanda aka ba mijinta lokacin yana aiki. Da ya rasu ta ci gaba da biyan haya da kuɗin dambun naman da take sayarwa. A gidan na yi wayo. Lemun tsamin da ke tsakar gidan ma ni na dasa shi.

Bara gwamnatin jiharmu ta ce za ta sayar da gidajen ga mazauna ciki, a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, a biya kashi uku. Da sunan mazauni kawai ake saye, wanda ya kasa a ba wani. Gwaggo ta kira ni tana kuka. 'Ya'yanta maza biyu, Yaya Sagiru da Ghali, kowa ya ce ba shi da hali. Ni kuwa na ɗan tara abin sayen fili, har matata Kausar ta je ta gano wurin. Na ce a fasa filin. Gwaggo ta faɗa min da bakinta cewa in na biya za ta zauna iya kwananta, bayan ranta gidan nawa ne. Ba zan ɓoye miki ba, na yi lissafi na ga riba ce, don filin nan ko a shekara goma ba zan gina shi ba.

Ga inda na cuci kaina. Gwaggo ba ta da asusun banki, don haka Yaya Sagiru nake tura wa. Sai kuma ta roƙe ni kada a ji cewa ɗan riƙo ne ya saya mata gida alhali 'ya'yan cikinta na raye, wai zubar da mutuncin babban ɗanta ne a unguwa. Na yi kara, na ce a ce shi ya biya. Wa zai dubi matar da ta goya shi ya ce a kira shaidu? Kashi biyu na biya a haka.

To yanzu duk unguwa Yaya Sagiru ake shi wa albarka. Wata Juma'a, ranar hutuna, ina zaune a bakin ruwa a Corniche aka turo min bidiyon walimar da aka yi a gidan. Ga shi nan cikin babbar riga, ya sunkuyar da kai irin na mutumin kirki, dattawa na ce masa ɗan halak, Gwaggo na share hawaye. Ni da nake kwana a gadon sama a ɗakin mutum shida a Madinat Khalifa, burodi da shayi safe da yamma, matar maigidana na yi min tsawar yalla yalla, wato yi maza, kamar jaki, ko sunana ba wanda ya ambata. Wallahi ranar ban ci abinci ba.

Abin da ya ƙarasa ni, Kausar ta ji daga bakin matar Ghali cewa har mijinta da Yaya Sagiru sun tsara yadda za su fasa katangar gaba su fitar da shaguna in lokaci ya yi. Na kira Yaya Sagiru cikin ladabi, sai ya hau ni da faɗa wai ko mutuwar uwarsa nake jira. Na tuntuɓi Gwaggo, ta ce in bar wa Allah, Sagiru ba zai ci amana ba, ta koma zancen ciwon ƙafarta.

Saura kashi na ƙarshe, kuma dole a biya kafin babbar Sallah. In ban biya ba gidan ya tafi, tsohuwa ta kwashe kayanta. In na biya, na tara wa ƙattai biyu gado, matata da yarana suna ɗakin haya. Dogara, abokin ɗakina, ya ce khalas, ya isa haka, in janye hannuna. Abin da ya fi ci min rai shi ne na fara jin haushin Gwaggo kanta. In wayarta ta shigo sai in zuba ido har ta katse. Hajiya, yaya zan yi?

Direban Nu'aija

Ƙanena Direban Nu'aija,

Haushinka yana kan hanya. Mutum ya zauna ana sa masa albarka a kan gumin wani bai ko yi tari ba, wannan rashin kunya ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Amma sai na faɗa maka abin da ba za ka so ji ba.

Rahusar da aka yi a gidan nan ba taka ba ce. Gwaggo ce ta saye ta da shekarun da ta yi tana biyan haya da kuɗin dambu. Kai ka kawo kuɗi, ita ta kawo sauƙin farashi, saboda haka 'ya'yanta ba hauka suke yi ba da suke ganin suna da rabo. Kai ma ka ce ka hango riba. Ba laifi ba ne, sai dai ciniki ka yi ka sa masa rigar zumunci, shi ya sa ka ji nauyin kiran shaidu.

Na biyu, ko da Sagiru waliyyi ne, maganar "bayan raina gidan naka ne" ba ta ba ka gida. Yadda malamanmu ke karantarwa, wannan wasiyya ce, ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya sai magada sun yarda. Kyauta kuma sai an miƙa an karɓa mai ita na raye. Ka tambayi malamin da ya san gado, ka kuma sa lauya ya duba ko sharuɗɗan sayarwar sun hana sauya suna.

Abin da za ka iya ceta shi ne haƙƙinka, kuma sai tana da rai da hankalinta. Ka nemi dattijo ɗaya daga dangin mahaifinka ya haɗa zama ƙarami: Gwaggo, 'ya'yanta biyu, shi da liman, kai a waya. A amince ko dai kuɗinka bashi ne, wanda ake fara cirewa kafin rabon gado, ko kuma kana da kaso a gidan. Ni kaso na fi so maka, don ka san yadda naira take narkewa. A rubuta, kowa ya sa hannu. Shaidar tura kuɗin tana wayarka, Sagiru ya sani. Ka gaya masa kai tsaye cewa unguwa ba sai ta ji ba, ya riƙe albarkarsa da babbar rigarsa, ya ba ka sa hannu. Da wuya ya ƙi wannan cinikin. Kashin ƙarshe kuma kada ya sake bi ta hannunsa.

In sun ƙi fa? Ka yi shawara da Kausar, don filinta ne ya tafi ita ma. Amma ra'ayina, ka biya, ka ɗauka ka saya wa Gwaggo kwanciyar hankali, ka nemi haƙƙinka a hannun 'ya'yanta daga baya. Kada ka tsorata ta da kora don ka hukunta Sagiru. Ta yi kuskure, ta rufa wa ɗanta asiri da guminka. Amma ita ce ta rufa maka naka lokacin da ba ka da uwa.

Ka kuma tuna, gidan da kake ta ƙunar rai a kansa, ranar da za a miƙa maka makullinsa ita ce ranar da za a fito da ita a makara. Kafin nan, in ta kira ka ɗauka, ko da zancen ciwon ƙafa ne.

Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya mayar maka da ninkin abin da ka fitar, Ya dawo da kai gida ka same ta a ƙarƙashin lemun tsamin nan.

Hajiya Rahmatu