Harafin A da Accar Kaka Martha

Litinin, 4 ga Oktoba, 1976
Yau na buɗe ajina a barandar gida. Yara bakwai, tabarma biyu, da allon da maigidana Wilfred ya shafa wa baƙin fenti yana cewa wai wasan yara ne, zan gaji. Shekara shida na yi ina koyarwa kafin goyo ya zaunar da ni, shi ma'aikacin jirgin ƙasa ne zai gaya mini wasa? Tsarina: kowane mako harafi ɗaya. Yara su kawo abin da sunansa ya fara da harafin, mu taɓa, mu shinshina, mu yi masa waƙa. Da A muka fara.

Talata, 5 ga Oktoba
Albasa uku, ashana, ayaba da aka cinye rabinta a hanya. Paulina, 'yar gidan da suka taso daga Nok bara, ta zo da acca cike da gwangwani. Yarinyar nan Hausa ba ta zauna mata ba, sai kallo kawai, har yara suna ce mata bebiya. Na zana A a kwali bakwai, muka shafa sitaci, muka barbaɗa accar a kai. Da ta ɗaga nata, sai na ji ta ce "A", da ƙarfi kuwa. Na yi murna ƙwarai. Wadda ta zube na share wa kaji.

Laraba, 6 ga Oktoba
Raina ya ɓaci. Muna cikin waƙa sai ga kakar Paulina, Kaka Martha, ko gaisuwa babu.
"Malama, abinci ne ka manna a takarda? Sabon acca ne fa. Ba mu kai nunan fari a coci ba, ko ni ban sa a baki ba, kai ka ba kaji."
Na ce, Kaka, ilimi ne. Ta ce, "Ilimi ba ya jin yunwa?" Ta durƙusa a gaban yarana tana tsintar ƙwaya a tsagin siminti, ta ɗauki kwalin jikarta, ta ja hannunta suka tafi. A kan gwangwani ɗaya. Ni ma 'yar mai bi ce, na san nunan fari, abin da gona ta fara bayarwa, na Ubangiji ne, amma wa ya gaya mini sabuwa ce? A goshinta aka rubuta?

Jumma'a, 8 ga Oktoba
Yara biyar. Paulina ba ta zo ba.

Talata, 12 ga Oktoba
Harafin B, yara uku. Mun yi buta, bokiti, barkono, har atishawa ta kusa kashe mu. A taron Zumuntar Mata na coci wata ta yi doguwar addu'a domin "masu boko da ke wasa da albarkar gona". Duk wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Na ce amin da ƙarfi don haushi.

Alhamis, 14 ga Oktoba
Wilfred ya ce in je in ba da haƙuri. A kan me? Ni ce na sa yarinyar da ba ta magana ta buɗe baki. Abin da ya fi ci mini rai, na hango ta yau a gindin mangwaron ƙofar gida tana leƙenmu. Da na kira ta sai ta gudu. Idan ta koma shirun nan, baɗi a firamare bayan aji za a jefa ta.

Talata, 19 ga Oktoba
Na ɗauki littafina na kwalejin malamai na tafi gidan su Paulina, ba ban haƙuri ba, bayani. Na tarar da Kaka ta baza acca a faifai tana tsintar tsakuwa, Paulina a gefenta tana zana A da yatsa a cikin accar. Kaka ta girgiza faifan, harafin ya ɓace, yarinyar ta sake zanawa.
"Ka gani? Ya rubuta, kuma za mu ci."
Ban ma buɗe littafin ba. Na dawo na fi ɗazu fushi, ban san da wa ba. A hanya na tuna marigayiya mamata a bakin turmi tana surfen acca har tafinta ya yi kanta. Ranar da na zubar da loma ɗaya na sha rankwashi. Ban san abin da ya kawo mini wannan tunani ba.

Lahadi, 24 ga Oktoba
Godiyar kaka a coci. Doya, citta, kaji, kowa da nasa. Kaka Martha ta taso da kwandon acca a ka, kuma a saman kwandon ga kwalin Paulina, A ɗin nan mai sitaci, har ya ɗan lanƙwashe. Ta ajiye a gaban bagadi. Da muka fito na tare ta, ta ce, "Shi ne ya fara fita daga gona, Malama. Na Ubangiji ne. Zan hana shi don ka ɓata da koko?"
Koko. Sitacina ne koko. Sai na ce ta gaida gida.

Litinin, 25 ga Oktoba
Harafin D. Yara shida. Jiya da la'asar na bi gida gida na tambaya ko dawar da za su kawo ta bara ce; gaisuwa ce kawai ta kai ni. Na aro faifai shida, kowa ya zana nasa da yatsa, muka girgiza, da aka tashi kowa ya juye dawarsa ya mayar gida. Paulina ta ce D, ta ce dawa, ta ce doya, ta ce wa ɗan maƙwabta dolo, sai da na tsawata mata. Kaka ce ta rako ta, ta zauna a bakin baranda wai tana hutawa, amma na ga yatsanta yana yawo a ƙasa.
Na gaya wa Wilfred sitaci ne ya ƙare shi ya sa na koma faifai. Ya dubi rigarsa ta aiki da na sa wa sitaci da safen nan, ya ci gaba da cin tuwonsa. Gara da ya yi shiru.