Ranar da Layi Ya Ja da Baya

Zuwa ga ƙanena Ngasa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya buɗa maka karatun likitanci, ya kare ka daga sanyin ƙasar Sin da kake ta ba mu labari. Mama ta ce in tambaye ka ko rigar sanyin ta isa. Ta kuma ce idan shinkafarsu ta gundure ka, ka nemi garin masara ka tuƙa tuwonmu na ugali da hannunka, wai ba ta haifi ɗa don ya je ƙasar mutane ya rame ba. Mu nan lafiya lau. Ruwa bai sauka ba tukuna, amma itatuwan daji sun fara fid da jan ganye, ka san yana kusa ke nan. Ƙanwata Holo ta sauka, an sami mace, uwa da 'ya duk lafiya. Kawu Lufega ya sami zuma sosai bana, har ya kai Tabora ya sayar. Ɗalibaina 'yan ajin ƙarshe sun gama jarrabawa, yanzu kullum suna ƙofar gidana suna tambayar sakamako kamar ni ce na ɓoye shi.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka doguwar takarda, maimakon 'yan kalmomin waya, shi ne maganar Baba. Na ga wani abu a sansanin farauta makon jiya, kuma ba na so ka ji shi guntu-guntu a bakin wani.

Ka san yanar da ta fara rufe masa ido, ka kuma san sau nawa ka roƙe shi ya bar daji ya ga likita, yana ce maka kai ka yi karatunka shi ya yi nasa. To bana abin ya ƙaru. Baƙon ƙarshe da ya zo farauta a wannan shekara wani dattijo ne ɗan ƙasar Sifen, ma'aikata suka sa masa suna Mai Tari, don wai tarinsa ya kori dabbobin da suka fi waɗanda bindigarsa ta kashe. Ya harbi ɓauna, harbin bai zauna daidai ba, ɓaunan ya shige doguwar ciyawa da rauni. Baba yana gaba kamar kullum, shi ne shugaban masu bin sawu tun kafin a haife ka. Sai ya wuce ɗigon jini a jikin ciyawa bai gani ba, ya miƙe gaba, alhali ɓaunan ya karkata gefe ya laɓe yana jira. Mayunga, mataimakinsa, shi ya hango, ya fizgo baƙon baya, manaja ya harbe ɓaunan yana dab da su. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Amma duk wanda yake wurin ya ga abin da ya faru.

Ka dai tuna ranar sallamar baƙo. Ma'aikata su jeru ƙarƙashin babbar bishiya, manaja ya riƙa kiran suna, kowa ya fito ya karɓi tukwicinsa a ambulan da hannu biyu, ya sa a aljihu ba tare da ya buɗe ba. Wanda aka fara kira shi ne shugaba, kuma shi kaɗai baƙo ke cire wa wani abu daga jikinsa, hula ko wuƙa ko takalmin da ya yi farautar da shi. A sansanin nan ba a sauke mutum da takarda ko da dogon bayani. Wani sunan kawai za a fara kira, kowa ya gane. Ni kuwa an aiko mini in zo ranar, don in karɓi busasshen naman da suke ba makarantarmu, in kuma yi wa baƙon tafinta, tunda ya kawo wa yara littattafai da ƙwallaye.

Na isa da hantsi a motar ɗaukar ruwa. Ban ko sauke jakata ba sai Pazi mai dafa abinci ya ja ni bayan kicin. Ka san Pazi, ɗan ƙabilar Zaramo ne, abokan wasanmu mu Nyamwezi, bai taɓa ganina ya bar ni ba tare da ya ce Banyamweziya ta zo cin bulus ba. Ranar bai tsokane ni ba, nan na san akwai magana. Ya ce manaja ya yanke shawarar fara kiran Mayunga. Ya ce ba mugunta ba ce, rayukan mutane ne a hannunsa, amma ya kasa faɗa wa Baba ido da ido, don a hannun Baba ya koyi daji, har yau in Baba ya yi masa tsawa sai ya cire hula. Saboda haka ya zaɓi ya bar layi ya faɗa masa. Ka yi tunanin mahaifinmu a tsaye a gaban masu fiɗa da direbobi da masu wanki, mutanen da shi ya kawo yawancinsu aiki, a tsallake sunansa, ya tsaya yana jira kamar sabon zuwa.

Na same shi a tantinsa yana goge takalmi, ya sa kakinsa da ya sha guga. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na roƙe shi ya ce zazzaɓi ya kama shi, ni zan karɓar masa nasa. Ya yi dariya ya ce wai malama guda tana koya wa ubanta ƙarya, to me take koya wa 'ya'yan mutane? Ya ce ya riga ya ji, idonsa ne ya yi rauni, kunnensa lafiya lau. Ya ce bai taɓa karɓar kyautar baƙo daga kwance ba, kuma in wulaƙanci ne rabonsa yau, gara ya same shi a tsaye. Ya sa takalmin, ya ɗaure igiyarsa, ya miƙe.

Aka jeru. Baba a bakin layi inda ya saba tsayawa, Mayunga a gefensa, sauran suka bi. Ni ina kusa da baƙon, gefen teburin da aka jera ambulan. Manaja ya yi gyaran murya, bai ɗaga kai ba, ya kira sunan Mayunga. Ka sani fa, Mayunga yana buƙatar wannan matsayi. Matarsa tana da ciki, ɗakinsa yana yoyo, ya yi shekaru yana tafiya a bayan Baba yana jiran wannan rana. Kuma ƙin amsa kiran manaja a gaban baƙo abu ne da zai iya raba mutum da aikinsa gaba ɗaya. Na rufe ido don kada in gani. Da na ji shiru ya yi yawa na buɗe, sai na ga Mayunga bai fito ba. Baya ya ja, taku ɗaya, hannayensa a bayansa, idonsa a ƙasa. Sai babban mai fiɗa ya ja baya. Direbobi suka ja baya. Masu ɗebo ruwa, masu wanki, mai gadi, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kalli wani, ba wanda ya yi magana, sai ƙarar takalma a kan busasshen ganye. Kafin ka ce me, layin duka ya koma baya, Baba shi kaɗai ne a gaba.

Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne, Baba bai gani ba. Yana tsaye ƙyam, haɓarsa a sama, yana jiran ya ji takun Mayunga ya wuce shi. Sai Pazi, da ludayinsa a hannu, ya ɗaga murya ya ce wai tsohon Banyamwezin nan ya tare wa mutane hanya, ya je ya karɓi nasa su samu su karɓi nasu, shinkafarsa tana kan wuta, in ta ƙone shi zai biya. Baba ya miƙa hannu gefe inda kafaɗar Mayunga ya kamata ta kasance, ya ji iska. Ya juya a hankali. Ban san iya abin da idonsa ya nuna masa ba, amma na ga lokacin da ya gane.

Baƙon ya taɓa ni ya tambaye ni me ke faruwa, ko wani laifi ya yi. Na faɗa masa a taƙaice. Sai ya kwance wuƙar da ke ƙugunsa, wadda ya ce ta mahaifinsa ce, mai ƙotar ƙaho. Ya so ya miƙa da hagu, na raɗa masa, ya gyara ya miƙa da hannu biyu. Manaja bai hana ba. Baba ya karɓa, ya shafa kuben da yatsunsa, ya yi godiya yadda ya saba. Na ɗauka an gama ke nan, na fara gode wa Allah da ya rufa masa asiri.

Ashe ba a gama ba. Baba ya juya ya kira Mayunga, ya ce ya amsa da ƙarfi don ya san inda yake. Ka ji fa, a gaban kowa ya faɗi haka, shi da ko Mama bai taɓa yarda ya ce mata ba ya gani ba. Mayunga ya amsa. Baba ya bi muryar har gabansa, ya sunkuya, ya ɗaura masa wuƙar a ƙugu da hannunsa. Mayunga ya riƙe masa hannu yana cewa Baba kada ka yi, Baba ya buge hannun ya ce ya tsaya cik, tun yana saurayi ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Sannan ya kama shi ya kai shi bakin layi, ya tsayar da shi a gurbinsa, ya juya wajen manaja ya ce yanzu ya sake kiran sunan da ya kira ɗazu, daidai ya kira, sai dai ya yi gaggawa. Ya ƙara da cewa a riƙa tuna wa Mayunga ya rage nauyin ƙafa, don yana tafiya a daji kamar saniya ta hango rijiya. Aka fashe da dariya, ana dariya ana share ido. Manaja ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, bai mayar ba har aka gama rabon. Pazi kuwa ya ce hayaƙin kicin ne ya shiga masa ido, alhali kicin yana can nesa.

Ngasa, na karanta littattafai da yawa a kan girmama manya, na koyar da shi a aji har na gaji, amma ban taɓa ganinsa da idona kamar ranar ba. Ba su yi shawara ba, na tambaya. Mayunga ya ce shi bai san sauran za su bi shi ba, ƙafarsa ce kawai ta ƙi zuwa gaba. Ina so ka riƙe wannan a can inda kake. Wata rana za a kira sunanka kafin na wanda ya koya maka, ka tuna da ƙafar Mayunga. Wata rana kuma, bayan shekaru masu yawa in Allah ya kai mu, kai ne za ka zama na bakin layi, ka tuna da hannun Baba.

Mun dawo gida tare a motar nama. Ya miƙa wa Mama ambulan ɗinsa a rufe, ya ce ta dafa masa ruwan wanka, ya dawo ke nan. Kuma ga albishir ɗinka: ya ce in faɗa wa likitan gidanmu, wato kai, ya daina yi masa wa'azi, ya yarda a kai shi Tabora a duba idon. Ka rubuto mini tambayoyin da ya kamata in yi wa likita, kada in je in tsaya kamar baƙuwa.

Shekaranjiya da rana sai ga ɗan aike daga sansani a kan babur, da ƙunshi a cikin ganye. Kafin su rufe sansanin sun harbi gwanki don abincin ma'aikata, kuma ka san hanta rabon shugaban masu bin sawu ce, ba mai taɓa ta. Rabon Mayunga na farko ke nan a matsayinsa, ya aiko da ita gidanmu ɗungurungum. Baba ya buɗe, ya shafa, ya ce yaron nan har yau bai iya yanka ba, ya ɓata nama. Sannan ya sa Mama ta gasa, ya zauna a inuwa ya ci shi kaɗai, a hankali, bai ba kowa ko yanki ba.

Mama tana gaishe ka, ta ce kada ka manta da salla saboda sanyi. Holo da mijinta da jaririya suna gaisuwa, haka Kawu Lufega, ya ajiye maka zuma. Gwaggo Nyanzobe ta ce ka aiko da hoto ta ga ko ka yi ƙiba. Pazi ya ce in gaya maka kada ka dawo sai ka iya cin shinkafa da tsinke, ya zo ya yi kallo. Baba ya ce Allah ya yi maka albarka. Ka gaishe da abokan zamanka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka,
Kalunde