Mangwaron Baba Bai Faɗi Ba

Wagini, daren Talata, tsakiyar damina

Alhamdu lillahi, mangwaron da marigayi Baba ya dasa a bakin rafi yana nan tsaye. Jiya ƙarar ruwa ta hana ni barci, na ɗauka gaɓar ta zube da shi. Da safe muka gangara da Yaya Sale. Ruwan ya kwashe yashi kaf, ya zube shi can inda gangaren ya ƙare, amma tsakuwa da manyan duwatsu sun zauna, sun rufe saiwar.

Yaya ya ce, "Bana dai ya tsira, baɗi sai mun ƙara dutse."

Na gaji, amma raina fes. Da muka gaya wa Inna, ta ce gobe a kai ta ta gani da idonta.