Yayana Ya Dangwala Yatsa a Kan Abin da Bai Sani Ba

Zuwa ga Kawu Ilu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Kawu, don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka sa wasiƙar nan a jaridarku, a fitowa ta kusa, domin mako uku ya rage a rufe karɓar fom ɗin da zan ba ka labarinsa. Kwana huɗu ke nan ambulan ɗin fom ɗin tana aljihuna, na ma manna mata kan sarki. Sau biyu ina zuwa bakin gidan waya na Gumel in juyo da ita.

Bari in faro daga tushe, ko da zan ɗan ja ka da nisa. Na canza sunaye, amma labarin haka yake. A gida Cindo ake ce mini. A makaranta kuwa, da duk takardun da na mallaka, sunana Ishaƙ, kuma asalin mai sunan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekarar da aka sami mulkin kai hakimi ya aiko wa dagacinmu, a wani ƙauye kusa da Gagarawa, cewa ya ba da yara huɗu a sa su boko. Dagaci ya rubuta Yaya Ishaƙ a ciki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ce shi kam ba zai rabu da mai yi masa kiwo ba, amma ga Cindo nan, ba abin da yake tsinanawa sai ci da kuka. Ranar da dogari ya zo tafiya da yara, ni aka miƙa. Inna ta ja mini kunne ta ce duk inda aka kira Ishaƙ in amsa. Na amsa, har yau kuma ina amsawa, shekara goma sha biyar ke nan. Har shekarun haihuwarsa aka ɗora mini, aka ƙara mini uku a kan nawa.

Sai da na girma Inna ta gaya mini cewa Yaya ya so makarantar nan kamar me, har ya yi kwana biyu bai ci abinci ba bayan an tafi da ni. Amma wallahi ko sau ɗaya bai taɓa goranta mini ba. Da Baba ya rasu ina aji biyu na sakandare, dangi suka ce a dawo da ni gona. Yaya ne ya tsaya kai da fata ya ce sunansa ba zai bar makaranta ba sai ya kai ƙarshe. Ranar ziyara yakan zo mini da ƙuli-ƙuli da kilishi a cikin burgami. Mai gadi ya tambaye shi wurin wa ya zo, ya ce wurin Ishaƙ. A ce to kai wa za a ce, ya ce Ishaƙ. Mai gadin nan ya daɗe yana zaton ba'a Yaya yake yi masa.

Na gama sakandare, na yi shekara biyu na share fagen shiga jami'a, yanzu ina ɗan koyarwa a wata firamare a Sule Tankarkar kafin in ga abin da Allah zai yi. Watan jiya aka yi sanarwa cewa za a tura ɗalibai wata ƙasa a Turai ta Gabas, shekara biyar, ta farkon ta koyon harshensu. Na hau jirgi a Gagarawa Tasha na je Kano na karɓo fom. A jikinsa akwai layi uku na abin da mutum yake so ya karanta, zaɓi na farko da na biyu da na uku, kuma an gaya mana yawanci na farkon ake ba mutum.

Da na kai wa Yaya labari ya tashi ya rungume ni, sannan ya zaunar da ni. Ya ce tun da aka kai ni boko bai taɓa roƙona komai ba, yau zai roƙi abu ɗaya: in karanto aikin likitan dabbobi. Ka san farin da aka yi shekaru biyu da suka wuce. Shanunsa ashirin da ɗaya, uku suka tsira, su ma ciwon huhu ya ƙarasa biyu, malamin dabbobi kuwa sai a yi wata da watanni ba a ga ƙeyarsa ba. Yanzu dillanci yake yi a karar Maigatari ran Alhamis, yana sayar da shanun wasu. Ya ce shi burinsa ya ji an ce Dokta Ishaƙ a tsakiyar karar nan, ko ba shi ake nufi ba zai waiwaya.

Kawu, ka yi dariya in ka so, ni tsoron shanu nake ji. Ina ƙarami wani bijimi ya taɓa kora ta sai da na haye aduwa, ƙaya ko ba ƙaya. A makaranta ranar da aka fasa cikin zomo a gabanmu, ranga-ranga aka fitar da ni. Abin da nake so shi ne aikin safiyo, awon ƙasa da zanen taswira. Tun ranar da wani malaminmu ya fita da mu bayan gari da sarƙar awo abin ya shiga raina. Nakan wuni ina zane ban san rana ta yi ba. Har taswirar kasuwar Sule Tankarkar na zana wa 'yan ajina a bango, rumfa-rumfa. Na taɓa yi wa Yaya zancen, ya yi dariya har da hawaye, wai ashe mutum zai haye teku don ya koyo jan sarƙa da leƙen madubi, abin da lebura suke yi a hanyar Gumel. Tun daga ranar ban sake tayar da maganar ba.

To ga abin da na aikata. Fom ɗin yana bukatar sa hannun waliyyi, Yaya ke nan. Na cika shi a ɗakina, na rubuta safiyo a layin farko, noma a na biyu, likitan dabbobi can a na uku don in rage wa kaina nauyi. Yaya ba ya karanta boko. Da na kawo masa ya ce in nuna masa inda aka rubuta likitan dabbobi. Na ɗora yatsana a layin farko. Ya daɗe yana kallon wurin, ya shafa shi a hankali, ya yi bismilla ya dangwala.

Tun daga ranar ban sami sukuni ba. Tawadar ta yi kwana uku ba ta fita daga yatsansa ba, shi kuwa ya bi karar Maigatari yana nuna ta. Matarsa Hajaratu ta daina ce mini Cindo, sai Likita. 'Yan Damagaram abokan cinikinsa suna aiko da tambaya, wai a tambayi ɗan lakwal, wato ɗan boko, me ke sa raƙumi ƙin ci. Makon jiya ya sayo mini wata ƙatuwar kwat mai kauri a wurinsu, ya sa na gwada ta da tsakar rana ina ta gumi, yana zagaya ni yana murna. Na yi dariya tare da shi, ina shiga ɗaki kuka ya ƙwace mini.

A takarda shekaruna ashirin da biyar, ba a kuma ɗaukar wanda ya haura haka, saboda haka bana ce kawai damata. In jefa fom ɗin yadda yake, in na dawo bayan shekara biyar in ba shi haƙuri? Ko in gyara in sa abin da yake so, in je in daure, tun da dai kujerarsa na zauna a kai? Ko kuwa in gaya masa? Ba faɗansa nake tsoro ba, Kawu, Yaya ba ya faɗa. Shirun da zai yi nake tsoro. Ina ƙaunar mutumin nan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Naka,
Mai Sunan Aro, Gagarawa

*

Ɗana Mai Sunan Aro,

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Na yi dariya a wurin aduwa, na daina a wurin layin farko. Hannunka da ya ƙi sakin ambulan ɗin nan ya fi ka gaskiya, saboda haka kada ka jefa ta. Ba don zaɓinka ba shi da kyau ba, a'a, don yatsan da ke jikinta ba a kan abin da aka gaya wa mai shi ya sauka ba.

Mu fara da abin da ba ka hango ba. Kana zancen shekara biyar, ni kuwa ina ganin ko wata uku maganar ba za ta kai a ɓoye ba. Amsar fom ɗin nan da sunan wa za ta zo? Ishaƙ. A Gagarawa wa aka sani da Ishaƙ? Duk wanda ya ɗauko wasiƙar daga tasha hannun yayanka zai damƙa ta, shi kuma don murna zai miƙa wa mai boko na farko da ya gani, wataƙila a tsakiyar kara, a gaban mutanen da ya nuna wa tawada. Can zai ji kalmar safiyo daga bakin wani. Wannan kunyar ka raba shi da ita.

Yanzu gefensa. Yayanka ba mulki yake yi maka ba. Mutum ne da aka hana shi abin da ya so, ya mai da son a kanka, sannan ya tsaya yana kallon dukiyarsa tana faɗuwa ɗaya bayan ɗaya ba mai yi mata allura. Roƙonsa yana da tushe, kada ka raina shi. Gefenka kuma, ba kai ka ƙwace kujerarsa ba. Kana da shekara bakwai aka miƙa ka, manya suka yanke, kai dai ka amsa kira. Aikin likitan dabbobi kuwa ba a yin sa don kara. Wanda cikin zomo ya sumar, aka kai shi ƙasar sanyi da baƙon harshe ya karanta abin da ransa ba ya so, sau da yawa shekara biyu yake yi a dawo da shi hannu wofi. Na ga irinsu sun zo ofishin nan da kansu a sunkuye. In haka ta faru, ba Dokta, ba safiyo, kuma sunan yayan naka ne ya faɗi.

Ina kuma da ƙorafi a kanka. Sau ɗaya ka yi masa zancen safiyo, ya yi dariya, ka naɗe tabarmarka. Yaya ne, tsokanar ƙane aikinsa ne. Ka taɓa yi masa bayanin aikin? Ka tambaye shi burtali nawa gonaki suka cinye tsakanin Gagarawa da Maigatari, da mashaya nawa aka toshe wa makiyaya, da rigima nawa aka kai gaban alƙali a kan iyaka. Sannan ka gaya masa mai jan sarƙar nan ne yake auna su ya kafa musu duwatsu, ya sa su a takardar da ba mai iya musunta ta. Dillalin shanu zai fahimci wannan fiye da ni da kai.

Ga abin yi. Ka zo Kano cikin makon nan ka nemi sabon fom, ka ce na farkon ya sami kuskure, ai kuwa ya samu. Kada ka rubuta komai a layukan nan uku. Ka sami yayanka a gida, ba ranar kasuwa ba, ba a gaban matarsa ba. Ka fara da laifinka kafin ka kawo hujjarka: ka ce ka nuna masa layin da ba shi ba ne. Kada ka yi ta kewaye-kewaye. In ya yi shirun da kake tsoro, ka zauna cikinsa tare da shi, kada ka tashi. Bayan nan ka karanta masa fom ɗin tun daga sama har ƙasa, ku cika shi tare. Maganar shekarunka kuma, in lokaci ya ƙure ka je kotu ku yi rantsuwar gaskiya da shaidar dagaci, ba kai ne na farko da aka kai boko da sunan wani ba. Amma kada ka dogara da wannan ka yi sanya.

Ba zan yi maka alkawarin zai dangwala nan take ba. Mai yiwuwa ya yi kwana biyu yana kau da kai, kuma yana da haƙƙin haka. Sai dai mutumin da ya tare dangi gaba ɗaya don kada a cire ka daga aji biyu, ban ga alamar zai tare maka hanyar jirgi ba. In ma ya nace, to ku yi gardamarku a fili kamar 'yan'uwa, ka sa Inna ta shiga tsakani.

Ka tuna, in ka tafi, shekara biyar ba abin da zai riƙa samu daga gare ka sai takarda, shi kuwa ba ya iya bincika ko harafi ɗaya a ciki. Abin da kawai yake da shi shi ne yardar cewa in Cindo ya ce ga abin da aka rubuta, to shi aka rubuta. Ka mayar masa da wannan kafin ka ɗauki jakarka.

Allah ya sassauta maka harshe ranar, ya sanyaya zuciyar yayanka, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Ka gaishe mini da Ishaƙ na ainihi, ka ce wani tsoho a Kano ya ce Allah ya yi masa albarka.

Kawunka,
Ilu