Jan Ruwan Bakin Kogi

Putankadabu,
3 ga Satumba.

Zuwa ga yayana Biran,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Umma? Yaya ayaba da abarba? Matata Zulaiha na gaishe ku, cikinta ya shiga wata bakwai.

Yaya, tun da na tare a gidan surukaina bara bisa al'adar nan, ka san surukina Baba Kunyimusa ya danƙa mini kejin kifinsa biyu da ke cikin ruwa a bakin kogi, inda yake shiga teku. Wata tara ina ba su abinci safe da yamma. Sun yi ƙiba, saura mako uku a kwashe.

Abin da ya sa na rubuto, ruwa ne. Kwana huɗu bayan ruwan saman nan mai ƙarfi, teku ya kwanta, ya yi ja kamar shayi. Gari ya ɗauka chakara ce, wato lokacin da laka ke tasowa ta tara kifi da jatan lande a gaɓa. An yanka kaji, yara na kiɗan gwangwani.

Ni dai na tsoma hannu. Laka takan bar ƙasa-ƙasa a yatsu. Wannan yauƙi gare shi. Kuma na san warin. Irin na kwatar gonarmu ne, bayan an zuba takin zamani ruwa ya wanke shi.

Na faɗa wa Baba a kwashe kifin yanzu. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗan fartanya, shekaranjiya ka daina amai a kwalekwale, yau kai ne malamin teku? Wa ke sayar da kifi a chakara, lokacin da ko kyanwa ta ƙoshi?" Na bar kifin a keji. Gidansa ne, kifinsa ne.

Ka gaya mini, yaushe kuka zuba taki bana?

Ƙaninka,
Saidali.

9 ga Satumba.

Yaya Biran,

Assalamu alaikum. Wasiƙarka ta iso, na gode. Allah ya ƙara wa Umma sauƙi.

Ka ce duk ƙauyukan tudu sun zuba taki kwana biyu kafin ruwan, rabi ya bi kogi, har za ku sake zubawa. Ban ga laifinka ba. Ni ma da hannuna na sha watsa shi.

Jan ruwan ya shigo bakin kogi. Kifin sun rage ci, da hantsi suna tasowa sama suna buɗe baki. Na roƙi maza huɗu mu ja kejin zuwa sama inda ruwa ke gudu. Babu wanda ya zo. Idan an ce chakara, duk namiji mai ƙafa yana teku, kunya ce a gan ka a tudu. Kwana shida suna dawowa da raga ba komai, amma kullum sai su ce gobe. Ɗan'uwan Baba ya ce mini, "Ango, ka je ka taya matarka goge kwakwa."

Na gwada ja ni kaɗai. Igiya ta yanke mini tafi, kejin ko motsi. Zulaiha ta ɗaure mini hannun. Tsakanin uba da miji me za ta ce?

Ku sa mu a addu'a.

Saidali.

14 ga Satumba.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Mu da rai da lafiya, alhamdulillahi.

Kifin sun mutu. Ranar Laraba bayan sallar asuba na je na tarar da kejin fari fat, duk sun juya ciki. Ko ɗaya bai tsira ba. Har gaɓar teku matattun kifi ne da kaguwa, mata na toshe hanci da mayafi.

Wata ma'aikaciyar kiwon kifi ta zo da kwalba ta ɗebi ruwan ta duba. Ta ce ƙananan gansakuka ne, taki da ƙazantar da kogi ya kawo suka ci suka hayayyafa, da suka ruɓe suka shanye iskar ruwan. Baba na tsaye yana ji. Bai dube ni ba. Har yau bai ce mini ɗan fartanya ba, bai kuma kira sunana ba. Da zagin ya fi mini sauƙi.

Ya ce ba zai sake zuba kifi ba. Don haka ba ni da aiki a gidan nan, ga haihuwa tafe.

Jiya wata mota ta zo daga tudu. Masu gonar kwakwa ne, suna karɓar ruɓaɓɓen kifi su yi taki. Ni na loda musu namu, kwando bayan kwando. Direban ya ce wajenku za shi. Idan ya zo ƙauyenmu ka karɓa, Yaya, ka zuba wa ayabar. Kifi ne mai kyau, na san abin da suka ci. Ka dai binne shi da zurfi.

Ka gaida Umma, kada ka gaya mata tukuna.

Naka,
Saidali.