Ƙuri'ar da Ba a Ƙirgawa

3 ga Maris

Yaya Irene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki Gerald kuna lafiya, kuma gwiwarsa ta daina yi masa gardama. Kada ki yi mamakin ganin ambulan da kan sarki daga wanda ke gari ɗaya da ke. Tun da magajin gari ya naɗa ki cikin hukumar kwalejojin birni, duk imel ɗin da ya shigo miki ɗan jarida na da ikon neman a nuna masa, ni kuwa ban shirya yin suna ba.

Kin san an ɗora mini rubuta littafin cikar kwalejojinmu shekara ɗari. Ina cikin jin daɗin aikin sai na ci karo da ajandar zamanku na wannan wata. Za a rufe kwalejinmu ta Unguwar Ƙarfe, a mayar da darussanta kwalejin arewa. Ba ma "rufewa" aka rubuta ba, "daidaita wurare" aka ce, aka cusa shi cikin ƙunshin nan na ƙananan batutuwa da kuke amincewa da su a ƙuri'a ɗaya ba muhawara, tsakanin sayen fenti da kwangilar kwashe ƙanƙara.

Sau biyu aka taɓa yunƙurin rufe ta. Na farko ma'aikatan masana'antar ƙarfe suka cika zauren hukumar da baƙaƙen takalmansu. Na biyu, bayan masana'antar ta tsaya, Babanmu na cikin waɗanda suka je, yana ɗalibin walda da furfurarsa. An yi ihu, an yi zagi, amma dai an yi magana. A wancan zamanin jama'a ke zaɓen 'yan hukuma. Yanzu naɗa ku ake yi, shi ya sa kuke da ladabi haka.

Ban ce ki ƙi ba. Ƙa'idarku ta ce kowane cikakken mamba na iya neman a fitar da batu daga ƙunshin a tattauna shi a bainar jama'a. Abin da nake roƙo ke nan, jimla ɗaya. Wakiliyar ɗalibai, Yolanda Pruitt, ɗalibata ce, direbar bas, ta haura arba'in, saura mata shekara guda ta gama karatun jinya. Kun ba ta kujera mai juyawa a teburinku, amma ba ta da ikon fitar da batu, ƙuri'arta kuma ta shawara ce, a ji ta, ba a ƙirga ta. Tana tashi aiki ta tsallaka titi ta shiga aji. Kwalejin arewa kuwa sai an hau bas biyu da jirgin ƙasa. Ta ce mini ta fi kowa sanin nisan, tunda ita ke tuƙa rabinsa.

Ƙaninki mai ganin girmanki,
Casimir

9 ga Maris

Casimir,

Na sami wasiƙarka, muna lafiya, da fatan kai ma haka. Gerald na gaishe ka, ya ce a tuna maka tsaninsa na wurinka.

Zolaya dai ka iya ta tun kana yaro. Kai kana karanta takardun shekara ɗari, ni ina karanta na bana. Rufin ginin nan yoyo yake yi, injin ɗumama ɗakuna ya girme ni, ɗalibai sun ragu, gwamnatin jiha ta tsuke hannu. Kuma ka daina kawo mini Baba. Ni nake kai masa abinci bakin ƙofar kwalejin nan lokacin kai kana rarrafe.

Ina tunani a kan abin da ka roƙa. Akwai maganar da ba zan sa a takarda ba, ko da kan sarki. Ka zo bikin Ista, zan dafa pierogi, curin fulawar nan mai cushe a ciki, irin na Mama. Kada ka zo da ajanda.

Yayarka,
Irene

21 ga Maris

Yaya Irene,

Ina gaisuwa. Kina wurin, amma bari in ba ki labarin yadda abin ya kasance daga kujerun baya, tunda ba ki ɗago kin dube mu ba.

Ƙarfe goma na safiyar Alhamis kuka zauna, a tsakiyar birni, lokacin da ɗalibanmu ke bakin aiki. Duk wanda ya tsara wannan ya san tarihi fiye da ni. Waɗanda suka samu zuwa an ba kowa minti biyu. Malaminmu na walda, dattijo Stan Bielak, ya ƙare nasa yana gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, ƙararrawa ta katse shi daidai inda ya ce "abin da ya kawo ni". Ya zauna yana ba mu haƙuri.

Shugabanku ya tambaya ko akwai mai son a fitar da wani batu daga ƙunshi. Na ga kin cire tabarau, kin matso da makirfo. Wallahi har na fara gyara zama. Sai kika ɗauki ruwa kika sha.

Aka fara kiran suna, wakiliyar ɗalibai a gaba kamar yadda aka saba. Yolanda ta zo da rigar aikinta, ta ba da ranar hutunta aka ba ta wannan safiyar. Ta ce a'a.

Shugaba ya yi murmushi. "An ji, Malama Pruitt, mun gode."

Ta ce, "An ji, ko an rubuta?"

"Za a rubuta an ji."

Wasu suka yi dariya, har da ni, don na ɗauka wasa yake. Ku bakwai kuka ce e, sakatare ya sanar an amince babu mai adawa, aka wuce zuwa bikin shekara ɗari da irin kek ɗin da za a yanka.

Ba zan samu zuwa Ista ba. Ina da babin ƙarshe da zan rubuta, kuma kin sauƙaƙa mini shi, gajere ne.

Casimir

26 ga Maris

Casimir,

Gaisuwa. Tunda ka ƙi zuwa, ga maganar a takarda, duk wanda ya so ya karanta.

Tsarin farko shi ne a rufe kwalejin a sallami malamanta. Ko an yi muhawara rufewa za a yi, shida da ɗaya, na ƙirga tun kafin ka rubuto. Sai na je wurin shugaba. Ya ce idan ƙunshin ya wuce shiru, yadda magajin gari ba zai ga sunansa a jarida ba, za a tafi da malamai arewa da aikinsu. Na yarda. Stan na ciki, kai ma kana ciki. Shekarunka hamsin da shida, kana da ciwon suga, abin da ka ƙware a kai tarihin ƙungiyoyin ƙwadago. Faɗa mini wanda zai ɗauke ka.

Ɗalibai ban samar musu komai ba sai katin shiga bas kyauta. Na san aikin Yolanda, ba sai ka rubuto ka yi mini ba'a ba.

Ba godiya nake nema ba. In kana ganin cinikin ƙazami ne, takardar canjin wurin aiki za ta zo maka, ba dole ka sa hannu ba.

Yayarka har kullum,
Irene

14 ga Satumba

Yaya Irene,

Da fatan kuna lafiya. Na mayar wa Gerald tsaninsa ta hannun maƙwabcinku.

Na sa hannu. Ofishina na arewa yana da taga, rufin ba ya yoyo. Littafin ya fito, da hotonki a shafi na uku.

Bas ɗin safe nake hawa, Yolanda ke tuƙawa. Ba ta koma karatu ba. Tana gaishe ni da fara'a, abin da ya fi zagi ciwo. Jiya na shagala da karatu har muka iso tashar jirgi ban lura ba, sai ta leƙo ta madubi.

"Malam, sauka ka kama jirginka kar ka makara. Ni nan hanyata ta ƙare."

Na sauka.

Ƙaninki,
Casimir