Shantuna, da kalmar da ake bar wa majinyaci

Da sunan Allah. Ni ce Hindu 'yar Mahamman mahauci, matar marigayi Hamadu dillalin shanu, a nan Garwa. Hankalina ɗaya, ras nake, duk da na san ɗana Idrisa zai ce wannan sai an kawo shaidu. Hannun dama ne ya fara nauyi, kuma likita ya ce in ciwon ya dawo, harshe zai nema. Shi ya sa nake rubutu tun bakin yana hannuna.

Na ɗaya. Gidan nan naku ne ku biyu, Idrisa da Salamatu, a raba yadda shari'a ta ce. Ɗakuna sun yi mini yawa. Da safe nakan yi sallama a tsakar gida, ƙadangare kawai ke gyaɗa mini kai. Ko shi ya fi wasu ladabi.

Na biyu. Shantuna ba ya cikin gado. A kai wa Albertine, nas ɗin da ta ɗauke ni aiki. Kun san rabin labarin, ga sauran. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, ubanku ya faɗi a kasuwar shanu ta Ngong, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Asibiti ba magani, sai gado da bango. Zaman shiru ya ishe ni, na ɗauko shantun da na ɓoye tun ina amarya, ina buga shi a cinya ina rera waƙar niƙan uwata: dawa ta nuna a Pitowa, tsuntsu ya riga mai gona. Ina cikin yi tari ya sarƙe ni kafin kalmar ƙarshe. Sai na ji daga kan gado an ce, gona. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba, da gona ya dawo duniya.

Albertine tana bakin ƙofa. Ta ce abin yana da suna a faransanci, muzikoterafi, sunan da ya fi shantun tsawo. Ni dai na san tari ne. Daga nan ta riƙa zagawa da ni gado gado, har bayan rasuwar ubanku. Da furfurata na zama ma'aikaciya, har da farar riga.

Na uku. Duk wanda zai gaji aikin, ga yadda ake yi. Kada ka yi wa majinyaci waƙar da kake so, nemo wadda aka goya shi da ita. Na koyi ta Fulani, ta Tupuri, ta Mundang, ina kwaɓa su har masu jinya suna riƙe ciki. Ɗora mataccen hannunsa a jikin shantun ya ji bugun. In ka zo kalmar ƙarshe, yi shiru. Shirun zai yi maka tsawo, za ka ji kunya, kada ka cike masa. Mai gaggawa ya sace wa majinyaci kalmarsa.

Na huɗu. Idrisa, ka ce na mayar da gidan mutunci gidan zabiya, ka daina cin tuwona, ka hana 'ya'yanka zuwa. Unguwa ɗaya muke, amma ɗan acaɓa ya fi ka sanin lafiyata. Na yafe maka, ba sai ka roƙa ba, don na san bakinka da nauyi kamar na ubanka. Ka tuna dai da bakin zabiyar nan ya samu ya kira sunanka kafin ya tafi. Kuma ku daina gaba da Salamatu a kaina. Ta goyi bayana daga Duwala, ta waya, inda goyo ba ya gajiyar da kowa.

Na biyar, shi ne dalilin takardar. Na rera wa baƙi da yawa, ban san wanda zai rera mini ba. Albertine ta yi ritaya, ƙafafunta sun kumbura. In harshena ya tafi, kada ku tsaya a kaina kuna hira kamar an riga an shafa fatiha. Ina ciki, ina jin ku. Na ga idanun waɗanda aka yi wa haka. Ɗayanku ya zauna kusa da kunnena ya yi mini waƙar dawa. Idrisa, ba sai da shantu ba, ba kuma sai da murya ba, taka dama ta jaki ce. Ka rufe ƙofa in kana jin kunyar maƙwabta. Ka kai tsuntsu har bakin kalmar, ka tsaya, ka jira ni. In ban zo ba ranar, ka dawo gobe.

Ku riƙe juna, ku riƙa cin abinci a kwano ɗaya ko da sau ɗaya ne a shekara. Na yafe muku nonon da kuka sha. Sauran kuma na bar muku ku cike da bakinku, ku biyu tare, a ɗaki ɗaya. Allah ya haɗa kanku, Allah ya yi muku